Kwana Bakwai Kafin Suna

Ranar Asabar ce, ina kasuwar dabbobi ta Dei-Dei ina taya rago, wayata ta yi ƙara. Maiɗakina ta haihu daren Laraba, namiji, aka sallamo su da hantsin Alhamis. Tun daga wannan lokaci hankalina ya tattara ya koma kan Larabar da za ta zagayo: rago, buhun shinkafa, rumfa da kujeru, goro da alawa, wa za a gayyata daga ofis, wa zai taso daga Funtuwa. Da na ɗaga wayar sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, alamar ba ta so Inna, mahaifiyata, ta ji. Ta ce, "Baban Ummi, yaron nan ya ƙi kama mama tun asuba, sai barci. Kuma kamar idonsa ya sauya." Na ce mata to, bari in gama ciniki. Kuma tsayawa na yi na gama. Wajen minti arba'in na ƙara a gindin turke ina ja-in-ja da dillali a kan naira dubu biyar. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunyar kaina.

Da na iso gida Kubwa, na tarar da ɗakin mai jego yadda aka saba: labule a sauke, turaren wuta ya turnuƙe, jariri an naɗe shi cikin shawul, ga hula ga safa, fuska kaɗai ake gani. Inna, wadda ta baro Funtuwa musamman don wankan jego, ta dube ni ta ce, "Kai kuma me ya shigo da kai? Shawara ce, kowane jariri yana yi, kai ma ka yi. A ba shi ruwan gulukos, gobe da hantsi a fitar da shi rana." Na yi shiru. Wa zai yi musu da matar da ta haifi tara ta raini bakwai?

Allah ya kawo wata maƙwabciyarmu, Bagwariya, ma'aikaciyar jinya, ta shigo barka. Ba ta ma zauna ba. Ta karɓi yaron ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta danna masa karan hanci da yatsa, ta buɗe dasashinsa, ta cire safa ta duba tafin ƙafa. Sai ta juyo ta ce, "Maigida, ɗauko mota. Yanzu, ba gobe ba." Inda muka fara zuwa aka ce fitilarsu ɗaya ce mai aiki, kuma da jarirai biyu a ƙarƙashinta. Sai a asibiti na biyu, bayan isha'i, aka ɗebi jininsa, aka tuɓe shi, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Kwana huɗu ya yi. Likitan ya gaya mini, ba tare da ya ɗaga murya ba, cewa da mun jira hantsin da Inna ta ce, da maganar canjin jini muke yi, ko abin da ya fi haka muni.

Ba don in ba da labarin gidana na ɗauki alƙalami ba. Abin da nake son mu duba shi ne wannan mako guda, tsakanin ranar da aka yanke cibi da ranar da aka raɗa suna. Babu makon da ya fi shi haɗari a rayuwar ɗan Adam, kuma babu makon da mu maza muka fi shagala da abin da ba shi ne ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin jariran da ke mutuwa a watansu na farko, kusan kashi uku cikin huɗu a makon farko suke tafiya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Najeriya, cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata guda. A yawan jariran da ake rasawa kowace shekara, muna cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya. Ku haɗa waɗannan ku gani: yawancin yaran da muke binnewa a wannan wata ba su kai ga samun suna ba. Shi ya sa ma ba ma ƙirga su. A ce "ai bai zo da kwana ba", a naɗe a ɗan ƙyalle, mutum huɗu su kai shi, ko zaman makoki ba a yi. Uwar kaɗai ke riƙe da lissafin a ranta.

Bari in ɗan tsaya kan shawara, tunda ita ta koya mini hankali. Inna ba ta yi ƙarya ba da ta ce jarirai da yawa suna yi. Wajen shida cikin goma na waɗanda suka cika wata tara suna yin ɗan ɗorawa-ɗorawa a makon farko, bakwaini kuwa sun fi haka. Dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, suna farfashewa suna sakin wani sinadari mai launin ɗorawa da ake kira bilirubin, hantarsa kuma ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi da sauri ba. Ga mafi yawa abin yana wucewa da kansa. Amma idan sinadarin ya yi tashin gwauron zabo, yakan tsallaka ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta gyaruwa. Yaron da ya tsira yana iya tashi kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko gaɓoɓinsa su riƙa sandarewa. Da yawa daga yaran da muke cewa iska ta taɓa su tun suna tsumma, ko a ɗora wa kishiya, shawarar kwana huɗu ce da ba a kai asibiti ba.

Abin da ya sa ta fi yi mana illa a nan, akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gada, likitoci na ce masa G6PD, ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma ya fi bayyana ga 'ya'ya maza. Jaririn da ke da shi, wasu abubuwa na gida da ba a ɗauke su bakin komai ba suna iya fasa masa jini farat ɗaya. Na gaba-gaba shi ne kafur, ƙwallayen nan farare da ake jefawa cikin akwati don kyankyasai. Akwai man shafawa masu yaji irin na mura, akwai lalle. Tambayar farko da likita ya yi mini ke nan: "A ina aka ajiye kayan da aka sa masa?" Kayan yayarsa ne, shekara uku suna akwati, ƙamshin kafur har ya kama zaren. Ni da hannuna na sayo kafur ɗin.

Maganar shanya jariri a rana kuma tana da ɗan tushe, shi ya sa take da wuyar kankarewa. A 1956, a wani asibiti da ke Rochford a Ingila, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Ward ta lura cewa bakwainin da take fitarwa shan iska, fatarsu tana washewa a inda haske ya taɓa. Daga nan aka gano cewa haske yana narkar da sinadarin, aka ƙera fitilar da ake amfani da ita yau. Sai dai ranar Abuja tsirara ba magani ba ce ga ɗan kwana uku. Tana ƙona fata, tana ƙafar da ruwan jiki, kuma mafi muni tana sa a yi ta jira. A Legas an gwada wata rumfa mai leda ta musamman da ke tace zafin rana da haskenta mai cutarwa, aka buga sakamakon a 2015, ya yi kyau. Amma can ma da ma'aikata a tsaye suna auna zafin jikin yaro suna duba jini. Ruwan gulukos kuwa cika masa ciki kawai yake yi ya hana shi shan nono, alhali nonon ne ke sa shi kashi da fitsarin da ke fitar da abin.

Yanzu ku dubi ramin da ke cikin wannan mako. Matar da ta haihu lafiya a asibitocinmu, sau da yawa kafin ta kwana ɗaya an sallame ta, don gado ake jira. Shawara kuwa ba ta cika nuna kanta sosai ba sai kwana na uku zuwa na biyar. A lokacin uwa da ɗa suna ɗaki mai duhu, ba fita sai bayan suna, kuma a gidajen haya na Gwagwa da Karmo da Mpape akwai ɗakunan da ko da rana tsaka sai an kunna tocila. Fatarmu baƙa ce, ɗorawa ba ta saurin fitowa a kanta. Daga ranar sallama, mata da yawa ba za su sake ganin ma'aikacin lafiya ba sai allurar mako shida. Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 cewa ta yi a riƙe uwa da jariri aƙalla awa 24, a auna shawara da ɗan na'urar da ake dannawa a fata kafin sallama, sannan a sake duba su tsakanin awa 48 zuwa 72, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na shida. Mu dai babu wanda ya ce mana mu dawo ranar Asabar. An ba mu kati, an ce Allah ya raya.

To wa ke gadin wannan rami? A Funtuwa, a gidan da na tashi, akwai tsari ko da ba na boko ba ne: kaka, goggo, ungozoma, matan sassa, ido goma a kan jariri ɗaya. A Abuja wannan rundunar babu ita. Daga mai jego mai ciwon jiki sai tsohuwa ɗaya da aka ɗauko daga gida, ba ta san gari ba, ba ta da kuɗin mota, ba ta jin Turancin da za a yi mata a asibiti. Wani gidan ma ko tsohuwar babu, sai ƙanwar matar 'yar shekara goma sha huɗu. Mutum ɗaya ne ke da makullin mota ko lambar mai Keke, shi ke da katin banki, shi ne kuma idan ya ce a tafi ake tafiya. Shi kuwa yana Dei-Dei yana duba haƙoran rago.

Na san abin da za a ce, don ni ma na faɗa: harkar jego ta mata ce, namiji ya cika leƙa ɗakin mai jego a ce masa mijin tace, ko a ce ba shi da kunya. Kunya ado ce, ban musa ba. Amma ita wannan kunyar ce ta sa maiɗakina ta kira ni a ɓoye maimakon ta ce wa surukarta "Inna, mu tafi asibiti." Yarinyar da aka tarbiyyantar kada ta yi raki a naƙuda, kada ta nuna ɗoki a kan ɗanta a gaban manya, ba za ta iya tsallake maganar uwar miji ba. Ɗan tsohuwar ne kaɗai zai iya, cikin ladabi, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, a bari likita ya gani, in ba komai sai mu dawo." Jimla ɗaya ce, amma sai mutum yana gida zai faɗe ta.

Kuma kada a ɗauka tsofaffinmu nake zargi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wannan gaskiya ne a abubuwa da dama. Hutun kwana arba'in da al'ada ta ba mai jego, a ɗauke mata girki da wanki, a ciyar da ita, gata ne babba. Inna ce ta kwana huɗu a kan benci a barandar asibiti, ta ƙi komawa gida, ita ke tashin maiɗakina duk bayan awa biyu ta ba da mama. Amma kafur ba al'ada ba ne, ɗan kanti ne. Gulukos ma haka. Man goge baki da ake shafa wa cibi, da ɗigon maganin kemis da ake ɗura wa ɗan kwana biyu, duk baƙi ne da suka shigo suka sa rigar gargajiya. Waɗanda suke na gado kuma, irin su matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, da gasa cibi da tsumma, da kiran wanzami ya cire beli da aska ɗaya da ya yi wa yaran unguwa aiki da ita, lokaci ya yi da za mu sallame su. Dakashin nan shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro, a ba shi cikin awa guda da haihuwa. Cibi kuwa akwai man kulohezidin da gwamnati ta amince da shi, wanda aka fara rabawa gida-gida a Jihar Sakkwato a 2013, kuɗinsa bai kai na kwalin alawar suna ba.

Ita ma uwar ba ta tsira ba a wannan mako. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya ke kama masu jego a ƙasar Hausa fiye da kima, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta da yawan kunun kanwa. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya ƙaro wasu dalilan, har da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma mene ne sanadin, mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ko ƙafafunta suka kumbura, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani ya haɗu da gani dishi-dishi, ko zazzaɓi ya rufe ta, ba ƙarin ruwan zafi take bukata ba.

Ga ma'aikatan gwamnatin tarayya, waɗanda Abuja ta fi ko'ina tara su, uzuri ya ƙare. A Satumbar 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu. Na ga abokan aiki sun karɓi hutun nan. Ɗaya ya tafi Kaduna ɗinkin shadda, ɗaya ya ƙare shi a rabon katin gayyata da neman mai abin magana. Ba don wannan aka ba da shi ba. Ɗan kasuwa da ɗan acaɓa da mai gadi ba su da hutu, na sani, amma duba idon jariri a bakin ƙofa kafin a fita nema bai kai minti biyu ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gaskiyar da ake ɓoyewa a bayan "bari mu gani zuwa gobe". Na ga mutumin da ya ce ba shi da kuɗin gwajin jini, rago na ɗaure a ƙofar gidansa. Ban raina yankan suna ba, sunna ce mai girma. Amma malamanmu na Malikiyya ba su ce farilla ba ne, kuma ba a ɗora shi kan wanda ba shi da hali ba. Anko da rumfa da mai hoto kuwa ko a sunnar babu su. Ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, wannan Alƙur'ani a kan uba ya ɗora shi, a cikin Suratul Baƙara. Idan aljihu ba zai ɗauki biyu ba, a ware na asibiti tukuna tun ciki yana wata bakwai, a sa a wani wuri da ba za a taɓa ba, abin da ya saura a nemi rago daidai shi. Ba a taɓa fasa raɗa wa yaro suna don ragonsa ƙarami ne ba.

Hukuma ma tana da nata kason, kuma ba ƙarami ba. A Nuwambar 2024, a nan Abuja, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Abin a yaba ne. Sai dai hankalin hukuma, kamar namu, ya fi tsayawa kan sa'ar haihuwa, da yaro ya yi kuka sai kowa ya watse. Birnin da ke da Babban Asibitin Ƙasa, wanda asalinsa ma don mata da yara aka gina shi, ga Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ga na Asokoro da Maitama da Wuse, bai kamata a ce uba yana yawo da jariri cikin dare yana neman fitila ba. Matar da ke ƙauyukan Kwali ko Abaji ko Kuje fa, wadda tafiyarta zuwa babban asibiti sai an yi da gaske? Fitilar nan ba injin wankin ƙoda ba ce. Wata 'yar Najeriya, Virtue Oboro, bayan ɗanta ya sha da ƙyar daga shawara a 2015, ta ƙera ɗan gado mai fitila da ke aiki da hasken rana, ana naɗe shi a ɗauka. Abin da nake roƙon hukumar lafiya ta Birnin Tarayya bai wuce uku ba: kada a sallami jariri ba a auna shi ba, a rubuta wa uwa ranar dawowa ta kwana uku a kati kuma a gaya wa mijin baki da baki, sannan kowace cibiyar lafiya da ake karɓar haihuwa a ƙananan hukumomi shida na birnin ta samu fitila mai aiki. Masu wa'azi a masallatan Juma'a kuma, da limaman da ke raɗa suna kowace safiya, da za su ware minti biyar su faɗi wannan, da sun isar da shi inda takardar asibiti ba ta zuwa.

Ɗana yanzu yana aji biyu, yana ji yana gani, surutunsa har ya ishe mu. Katinsa na asibiti na ɗauke da gargaɗin magungunan da ba a ba shi, kafur kuma ya bar gidanmu har abada. Inna da kanta take gaya wa matan Funtuwa su fitar da shi daga kayan jarirai, ko da yake har gobe ba ta yarda cewa rana ba ta magani ba. Sunan ma an raɗa shi ranar Laraba a masallaci, yaron yana asibiti, mutum bai fi goma ba.

Kai da matarka ta haihu a wannan makon, ko take gab da haihuwa: kowace safiya har ranar suna, ɗauki yaron da hannunka ka kai shi inda hasken rana yake. Danna goshinsa ko karan hancinsa ka saki, duba farin idonsa da dasashinsa da tafin ƙafarsa. Tambayi uwar sau nawa ya sha, sau nawa ya jiƙa tsumma. Idan ka ga ɗorawa tun ranar farko, ko ta sauko ciki da ƙafafu, ko ya ƙi mama, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tasuwa, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashi ya yi sauri, ko cibi ya yi ja yana wari, kada ka tsaya neman shawarar kowa. Ka ɗauke su ku tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da ƙarfe biyun dare ne.